Taura Nawa Ke Taunuwa? Sharhi Kan Yawan Ayyukan Da Mutum Zai Riƙe Lokaci Guda

A Maraɗi da wuya ka sami magidancin da ke ci ta ƙofa ɗaya. Malamin lakwal yana da gona a wajen Tibiri, yana da kabu-kabu a hannun wani yaro, da maraice kuma yana koyar da ƴaƴan wani Alhaji a gida. Uwargidansa na kiwon jar akuya, tana yin ƙuli-ƙuli, tana zubin adashe biyu. Ƙanensa da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo yana rubutun kammala karatu, yana gyaran waya a bakin kasuwa, yana kuma shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ba mai ganin wannan da mamaki. Sabon abu dai shi ne, tun da wayar hannu ta cika da masu koyar da tsara lokaci, matasa sun fara rubuta ayyukansu a littafi ko a manhaja, kuma kusan duk wanda ya rubuta sai tsawon jerin ya firgita shi. Daga nan tambaya ke tasowa: ayyuka nawa ya kamata mutum ya bari a buɗe lokaci guda?

Marubutan da aka fi ambata a wannan fanni bakinsu bai zo ɗaya ba, aƙalla a kallon farko. David Allen, Ba'amurken da littafinsa na 2001 ya yaɗa wannan harka a duniya, ya ce mafi yawan mutane suna da ayyuka tsakanin 30 zuwa 100. Jim Benson da Tonianne DeMaria Barry, a 2011, sun ce a ɗora wa aikin da ke hannu iyaka, kada a wuce ta. Oliver Burkeman a 2021 da Cal Newport a 2024 duka sun ambaci uku. Tsakanin uku da ɗari akwai tazara, amma saɓanin bai kai yadda ake zato ba, domin ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. A wajen Allen, duk abin da ba ya ƙarewa da mataki ɗaya aiki ne: sabunta katin ɗan ƙasa, gyaran famfon gida, neman wa yaro makaranta. Yana ƙirga duk abin da mutum ya ɗauka a wuyansa. Sauran kuwa suna ƙirga abin da hannu ke kai a wannan makon. Mutum na iya samun alkawari arba'in a rubuce, uku kaɗai ke kan wuta.

Tushen wannan iyaka daga masana'anta ya fito. A kamfanin motoci na Toyota a Japan, injiniya Taiichi Ohno ya kafa tsari a shekarun 1950 inda ba a ƙera wani sashe na mota sai wanda ke gaba ya aiko da kati yana nema. Yawan katunan shi ne iyakar kayan da ke kwance rabi da rabi. A 1961 kuma wani masanin lissafi a Amurka, John Little, ya tabbatar da ƙa'idar da duk telan Maraɗi ya sani a jikinsa ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ƙa'idar ta ce tsawon jiran da aiki zai yi daidai yake da yawan ayyukan da ke jibge, a raba da yawan waɗanda ake gamawa a yini.

A ɗauki tela a watan azumi. A ce yana gama kaya biyar a yini. Idan kullum kaya ɗari ne jibge a shagonsa, kowane mai ɗinki zai jira kamar kwana 20. Idan ya ji kunyar mutane ya bar jibgin ya kai ɗari biyu, jiran ya zama kwana 40, sallah ta zo ta wuce. Karɓar ƙarin yadi bai ƙara wa kekensa gudu ba. Abin ma ya fi haka muni, domin lissafin ya ɗauka cewa biyar ɗin nan tana nan daram, alhali ba ta zama. Telan da ya cika shago yakan yanka na kowa don kowa ya ga an taɓa nasa, sai a wayi gari riguna hamsin an yanka, ba ko ɗaya da aka kai wa mai guga. Rabin yininsa ya tafi a ba da haƙuri. "Tela, ina kayan yaran nan?" "Wallahi Hajiya an yanka, haɗawa ya rage, gobe da la'asar in Allah ya yarda." Awon wannan ya shiga na wancan, a warware a sake. Biyar ta koma uku. Wanda ya fara abu goma lokaci guda, to wannan shagon ne ya buɗe a cikin kansa.

To, amma Bamaraɗe yana da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Waɗannan littattafai an rubuta su ne don mai albashi ɗaya wanda ke shiga asusunsa ƙarshen kowane wata, a ƙasar da ke da inshora. Tarihin garin nan kuwa darasi ne a kan haɗarin dogara da abu guda. Gyaɗa ce ta gina Maraɗi a zamanin Faransawa da bayan samun ƴancin kai. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA ta karɓe cinikinta zuwa waje, sannan farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka durƙusar da noman nata. Ƴan kasuwar da suka tsira su ne waɗanda suka riga suka sa ƙafa a wasu wurare: yadi da taba sigari zuwa Najeriya, hatsi, fata, motocin dakon kaya, gidajen haya. Ita ma hanyar Najeriyar ba ta da tabbas. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Tsakani ga faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ga naira da ba ta kwana inda ta yini. Wanda duk abincinsa ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ya ɗanɗana kuɗarsa sau uku cikin shekara arba'in. In ka ce wa irin wannan mutum ya riƙe abu ɗaya, zai dube ka ne kawai ya yi murmushi.

Ina ganin gaskiyarsa, sai dai akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Hanyoyin samu daban, ayyukan da aka fara ba a gama ba daban. Hanyar samu ita ce wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta, tana tafiya da ɗan dubawa. Aiki a buɗe kuwa shi ne wanda ke cin kuɗi da hankali bai fara mayarwa ba, kuma in an bar shi mako guda zai lalace ko wani ya zo yana sallama a ƙofa. Na farko yawansa kariya ne. Na biyu yawansa shi ke kashe jari.

Su kansu Alhazan da ake buga misali da su ba a rana ɗaya suka buɗe harkoki goma ba. Emmanuel Grégoire, Bafaranshen da ya yi nazarinsu ya fitar da littafi a 1986, ya nuna cewa ƙarfin babban ɗan kasuwar Maraɗi yana ga arzikin mutane: barori da yaran gida da ya raina, kowanne riƙe da reshe guda, wannan a Kano, wancan a kantin kasuwa, wani a kan motoci. Alhaji na da harka goma, amma kowace harka tana da mai ita wanda ita kaɗai ya sa a gaba. Saurayin da ya kwaikwayi yawan harkokin Alhaji ba tare da mutanen Alhaji ba, shi ne direba, shi ne mai kanti, shi ne mai zuwa duwan, ya ɗauki rabin darasi ne ya bar rabin da ya fi muhimmanci.

Manoma sun fi kowa sanin wannan, don su ƙasa ce ke hukunta su nan take. A ƙauyukan da ke kewaye da Tibiri, kamar sauran ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, shuka ba ta da wuya. Ruwan farko ya sauka, gida guda na iya shuke fili mai faɗi cikin kwana kaɗan. Inda ake gane namiji shi ne noman farko da maimai, lokacin da ciyawa ke tashi a dukkan gonaki a mako ɗaya kuma kowa na neman ɗan ƙwadago. Wanda ya shuka abin da ya fi ƙarfin hauyarsa, ya yi asarar iri, ya kuma raba ƙarfinsa har gonar da zai iya nomewa da kyau ita ma ta sha ciyawa. Shi ya sa dattijo ke auna gonarsa da hannayen da zai samu a watan Yuli. Tsohon tsarin gandu da gamana ma iyaka ce irin wannan: mafi yawan kwanakin mako na gonar gida ne, sauran na ɗan filin da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Aiki biyu, kowanne da ranakunsa, ba a haɗa su a yini ɗaya. Dubi kuma yadda manomin ke kare kansa daga fari. Yana haɗa hatsi da dawa da wake a gona ɗaya, ya sami amfani uku da noma guda. In kuma yana da fadama a bakin gulbi, sai ya gama da jigawa yake sauka can. Ya yawaita abin da zai girba, bai yawaita wuraren da ake nemansa a rana ɗaya ba.

A Jiratawa, kudu da birni a kan hanyar Madarunfa, darasin ya ƙara fitowa fili. Filin noman rani da aka shimfiɗa a can a farkon shekarun 1980, kimanin hekta 500 a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa injuna ke jawo shi, ana raba shi bi da bi, kuma manomi na biyan kuɗin ruwa ga ƙungiya. Filayen ƙanana ne. Mutum ba ya dasa abin da ya ga dama, yana dasa abin da rabonsa na ruwa zai iya shayarwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zogale, wanda Jiratawa ta yi suna da shi. Dasa shi aiki ne mai cin kuɗi da kulawa. Amma da zarar ya kama, ya fita daga sahun ayyukan da ke buɗe, ya koma hidimar yau da kullum: a ba shi ruwa, a yanka, mata masu saye su zo su ɗauka. Daga nan ne manomin ke samun sararin fara wani abu. Tumatir da tattasai kuwa kowace shekara sabon aiki ne mai wa'adi. Ta haka mai hanyoyi biyar ya tara su, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai da ta tsaya kafin a ɗora wata.

Masu bidiyon koyar da tsara lokaci suna son kawo hujjar ƙwaƙwalwa, kuma a nan sai an yi hattara. Sukan ce George Miller ya gano a 1956 cewa hankali na riƙe abu bakwai, Nelson Cowan kuma a 2001 ya rage zuwa kamar huɗu, saboda haka ayyuka huɗu. Wannan jan hujja ne da ƙarfi. Binciken nasu a kan abin da mutum ke iya riƙewa a ka na ɗan daƙiƙu ne, kamar lambar waya, bai shafi gini da kiwo da karatu ba. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Sophie Leroy a 2009, da ta nuna cewa in mutum ya bar aiki bai ƙare ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa na maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Akwai kuma na Masicampo da Baumeister a 2011: abin da ba a gama ba yana yawan faɗo wa mutum a rai, amma in ya tsara takamaiman lokaci da yadda zai yi shi, damun yana raguwa tun kafin a yi aikin. Amfanin littafin rubutu ke nan. Abin da aka ajiye da rana sananniya ba ya hana barci kamar wanda aka bari yana yawo a zuciya.

Ajiyewa kuma ba kashewa ba ce. Duk wanda ya san sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo da manoman yankin nan suka fara yaɗawa daga 1983, ya san yadda ake yi da kututture mai toho da yawa: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a sare sauran, saiwar na nan da ranta a ƙasa, kuma in an yanke wanda ya girma wani zai maye gurbinsa. Kututturen da aka bar wa toho talatin ba ya zama itace, kurmi yake zama a ƙasa.

To nawa ke nan? Ra'ayina uku, da sharaɗin da littattafan waje ba su damu da shi ba: a cikin ukun, ɗaya tak ya kasance mai cin jari. A Maraɗi abin da ke fara ƙarewa sau da yawa kuɗi ne, kafin lokaci. Mai jika ɗari biyar da ya raba ta tsakanin harsashin gini, da sayen ragunan kiwo, da cika shago, ya sami ginin da bai kai linta ba, da raguna marasa dusa, da shago mai kanta rabi. Da ya zuba ta wuri ɗaya, da wata uku ko huɗu wani abu ya fara dawowa. Sauran biyun su zama masu cin lokaci ko zirga-zirga kawai, kamar karatu ko neman wata takarda. Hidimomin kullum, wato aikin ofis, cefane, kiwon da ya riga ya zauna, ba sa cikin ƙirga, amma su ke faɗa maka ko ukun ma ta yi yawa. Ga mai gona, daga saukar ruwa zuwa maimai lambar ɗaya ce. Ga ɗalibin da ya rage wata biyu ya miƙa rubutunsa, ita ma ɗaya ce, sai abin da zai ci. Mai amintattun yara na iya ƙarawa gwargwadon yawansu, ya dai tuna cewa bin sawunsu shi ma aiki ne da ke cin gurbi guda.

Kango yana buƙatar a yi masa adalci. A Ali Ɗan Sofo da Zariya da sauran sabbin unguwanni, gidajen da aka fara aka tsaya ba su ƙirguwa, kuma mai karanta littattafan nan zai ce ga shaidar rashin tsari. Ba kullum ba. Ga mutane da yawa bulo asusu ne: kuɗin da ya zama katanga ba mai zuwa ya ce a ranta masa. In mai shi ya san haka, yana ɗora layi biyu duk kaka ya koma harkarsa hankali kwance, wannan ajiya ce, ba ta cikin uku. Matsala tana ga wanda ya ɗauko magina, ya ci bashin siminti, ya sa wa iyali ranar tarewa, alhali ya san kuɗin rufi babu.

Ta ɓangaren mata, adashe shi ne wurin da lissafin ke saurin kuɓucewa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun tsayu ne a kan zubi ƙanƙane da mace za ta iya cikawa kowane mako ba tare da ta taɓa jarinta ba. Kowane zubi alkawari ne mai rana. Mace na iya ɗaukar ɗaya ko biyu lafiya lau. Ranar da ta fara kwasar wannan don ta zuba a wancan, ga kuma bikin da za ta rama, an wuce iyaka. Wannan alama ta shafi kowa, namiji da mace. In kana cire jarin wannan aiki kana toshe ramin wancan, ko mako ya wuce akwai aikin da ba ka taɓa ba, ko ka fara kallon waya tana ƙara kana ƙin ɗauka, to lambarka ta yi maka yawa ko da uku ce, sai a rage.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a cika mako maƙil ba. Masana lissafin layi sun nuna cewa duk ma'aikatar da ke aiki dab da iyakar ƙarfinta, ƙaramar tangarɗa na jawo jira mai tsawo ƙwarai. A nan kuwa tangarɗa ba baƙuwa ba ce. Rasuwa a Tibiri ta ɗauke yini, suna ya ɗauke safiya, baƙo daga Damagaram ba a ce masa ana da aiki, zazzaɓin damina ya kwantar da yaro, wuta ta ɗauke, kamar yadda aka gani sosai lokacin da Najeriya ta yanke lantarki a Agustan 2023. Zumunci ba ya shiga jerin kowa, amma yana da kasonsa a kowane mako, kuma mai hankali yana bar masa wuri tun kafin ya zo.

Abin da ya fi wuya a duk wannan shi ne baki. Rubuta uku a takarda ba komai ba ne. Wuyar tana ranar da kawu ya ce ka shiga kwamitin ginin masallaci, ko abokin ƙuruciya ya zo da harkar da ya rantse ba ta faɗuwa. "A'a" tsirara ba ta cikin tarbiyyarmu, shi ya sa muke cewa "to" sannan mu yi ta ɓuya, wanda ya fi ƙin karɓa zubar da mutunci. Amma harshen na da ƙofofi masu kyau in za a yi amfani da su da gaskiya. "Kawu, a yi mini haƙuri sai an yi girbi, in Allah ya kai mu ni zan zo da kaina." Sharaɗin kawai a rubuta shi, kuma in kaka ta yi a je.

Ma'aikacin da ke ƙarƙashin wani, a ofis ko a kanti, shi ba shi ke zaɓar yawan abin da za a ɗora masa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya sa mai ɗorawar ya ga kayan. "Ranka ya daɗe, ga ukun da ke hannuna yanzu, wanne zan ajiye in kama wannan?" Wani maigidan zai zaɓa, har ya ji daɗin an tuna masa abin da ya manta ya bayar. Wani zai ce duka yake so, kuma jiya. Da irin wannan sai a koma ga lissafin tela: a faɗa masa ranar da kowanne zai fito in an bi su ɗaya bayan ɗaya, da ranar da za su fito in an haɗa su, a bar shi ya ɗauki wadda ya ga zai iya jira.